Zuciya da zukata: abin da ilimin harsuna ke iya faɗa game da juyin halitta

Kusan kowace shekara ana ganin abu guda a sassan nazarin harsuna na jami'o'in Nijar. Da safe malami ya zana bishiyar dangin harsunan Afirka da Asiya a allo: ga Hausa a reshen Cadi, ga Larabci da Ibrananci a reshen Sam, ga Tamajak a reshen Barbar, ga tsohon harshen Masar shi kaɗai a nasa reshe. Ɗalibi ya kwafa, ya fahimta, ya amsa a jarrabawa ba tare da zuciyarsa ta yi ɗar ba. Da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, wani ya ambaci Darwin, sai ga ɗalibin nan shi ne kan gaba wajen dariya: in dai daga biri mutum ya fito, me ya hana biran da suka rage su zama mutane? A yi shewa, a wuce.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, bishiyar da ya karɓa da safe da wadda ya yi wa dariya da dare, da hujja iri ɗaya aka dasa su. Masana harshe ma su ne suka riga. Tun 1786 William Jones, wani alƙalin Ingila da ke aiki a Kalkata, ya bayyana cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin sun yi yawa, sun kuma yi tsari, har ba za a ce dace ba ne. Dole su kasance sun fito daga tushe guda, wanda mai yiwuwa ya riga ya shuɗe. August Schleicher ya zana bishiyar harsuna a 1853, shekara shida kafin littafin Darwin kan asalin jinsunan halittu ya fito a 1859. Da Darwin ya so ya fahimtar da masu karatunsa yadda za a rarraba dabbobi bisa ga zuriya, misalin harsuna ya kawo, ya kuma koma gare shi a littafinsa na 1871. Saboda haka wanda ya yi shekara uku yana koyon kwatanta harsuna ba baƙo ba ne a wannan gardama. Kayan yanke hukunci suna hannunsa, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba.

Matsala ta farko ta suna ce. An saba cewa "juyin halitta", alhali kalmar juyi a kunnen Bahaushe tana tafe da gaggawa: juyin mulki, juyin waina, abu ya kwana a wani hali ya tashi a wani. Daga nan sai tunani ya zarce zuwa rikiɗa irin ta tatsuniya, inda mutum kan zama kura da tsakar dare. Wanda aka ce wa biri ya rikiɗa ya zama mutum, ya ce ƙarya ne, gaskiyarsa, domin babu masanin halittu da ya taɓa faɗin haka. Abin da Darwin ya faɗa, da lafazin da shi kansa ya fi so, shi ne gado tare da sauyi. Ƴaƴa suna gadon iyaye amma ba su zama kwafinsu sak. A cikin ƴan bambance-bambancen akwai waɗanda ke taimakon mai su ya rayu ya hayayyafa a wurin da yake zaune, kuma su ne ke yawaita a tsara ta gaba. Dabba guda tana mutuwa yadda aka haife ta. Zuriya ce ke sauyawa, tsara bayan tsara.

Tambayar biran da suka rage kuwa, ɗalibin harshe ya san amsarta in aka sauya mata riga. In Faransanci daga Latin ya fito, me ya sa har yanzu akwai Italiyanci? Ba mai yin wannan tambaya a aji, domin an san Faransanci da Italiyanci uwarsu ɗaya, kowanne ya kama hanyarsa, uwar kuma ta shuɗe. Hausa ba daga Bolanci ko Angas ko Ngizim ta fito ba, ba kuma daga Larabci ba, duk da yawan masu son a ce haka. Kakansu ne ɗaya. Haka mutum da birin da ake kira shampanze: babu wanda ya haifi wani. Zuriyarsu ta rabu shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, kuma shampanzen yau ya yi tafiya mai tsawon ta mutum tun daga wancan lokaci, sai dai ta wata hanya dabam.

Ta yaya ake gane dangantaka? Kama ta waje ba ta isa ba, kama da wane ba wane ba ne. Hausa cike take da kalmomin Larabci irin su littafi da alƙali da lahira, amma kowane ɗalibin shekarar farko ya san aro ne, addini da fatauci suka kawo su. Shaidar jini tana cikin tsofaffin kalmomi marasa ado, waɗanda ba a aro: mutu, da Larabci mata, da Tamajak ammat, da tsohon harshen Masar m-w-t, suna da ism, harshe ko halshe da lisan da iles, huɗu da f-d-w na Masarawan dā. Tana kuma cikin ƙashin nahawu, kamar t ta mace da ke cikin "ta zo", da ke cikin taktubu na Larabci, da ke kewaye sunayen mata a Tamajak. Da wannan ma'auni Tamajak ya fi Zabarmanci kusanci da Hausa, ko da yake Bahaushe da Bazabarme sun fi cuɗanya a kasuwar Yamai. Masanin halittu haka yake aiki. Babbar dabbar tekun nan da ake kira balen siffar kifi gare ta, amma da huhu take numfashi, tana shayar da nono, a cikin fiffikenta akwai ƙasusuwan hannu da yatsu, kuma a duk dabbobin da ke raye yau babu wadda ta fi kusa da ita kamar dorina, irin wadda ke kogin Kwara wajen Ayoru.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta abin da tarihi ya manta bai share ba, kuma a nan Hausa tana da misalin da ya kamata a tsaya a kansa. Me ya sa jam'in zuciya ya zama zukata? Daga ina k ta fito? Me ya sa talaka yake fama da talauci, ba talakci ba? Me ya sa saurayi ɗaya, amma samari da yawa; juji ɗaya, jibaje da yawa; farke ɗaya, fatake da yawa; makaho namiji, makauniya mace? Wanda zai tsara harshe daga farko a kan takarda ba zai yi wannan karkata ba. August Klingenheben ya ba da amsa a ƙarshen shekarun 1920: a wani zamani baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa ya yi rauni. K da g suka koma u, t da d suka koma r, a gabashin ƙasar Hausa kuma b da f da m su ma suka koma u. Tsohuwar siga ita ce zukciya. A tilo k ta zo ƙarshen gaɓa ta narke, a jam'i wasali ya biyo ta ya cece ta. Babu rubutun da ya kama ranar da wannan ya faru, babu wanda ya naɗi muryar masu cewa zukciya. Duk da haka babu malamin Hausa da ke shakka, domin doka guda ta warware kalmomi masu yawa da a dā suke kamar ba su da dalili. Ga kuma shaida mai rai: mutumin Adar ko Arewa har gobe yana cewa zamna da sabka da amre inda na Damagaram ke cewa zauna da sauka da aure. Matakin tsakiya da ake ta cewa a nuna, ga shi nan yana sayar da albasa a Galmi.

Jikin dabba cike yake da irin su zukata. Ɗaliban da suka yi darasin furuci sun san maƙogwaro da tantanin da ke karkarwa a cikinsa. Ɗaya daga jijiyoyin da ke motsa shi ba ta tafiya kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ko da yake tazarar ba ta wuce taƙi ba. Sai ta gangara cikin ƙirji, ta kewaya ƙarƙashin babbar jijiyar jini kusa da zuciya, sannan ta hauro. A jikin raƙumin dawa irin na Kure wannan kewaye ya kai mitoci. A jikin kifi kuwa, wanda ba shi da wuya, hanyar gajera ce madaidaiciya. Da wuya ya yi ta tsawo a zuriyar dabbobin tudu, zuciya ta yi ƙasa, jijiyar da ta riga ta saƙalu ba ta da yadda za ta kwance, sai ta bi. Wannan ba aibi ba ne da za a zargi wani da shi, kamar yadda zukata ba kuskuren nahawu ba ne. Sawun tarihi ne.

Masu nazarin rubuce-rubucen ajami sun san wata dabara ta uku. In aka sami kwafi biyu na littafi guda, ɗaya a Agadas ɗaya a Damagaram, dukansu sun tsallake layi ɗaya a shafi ɗaya, sun kuma ɓata kalma ɗaya ta hanya ɗaya, ba sai an faɗa ba, daga uwa ɗaya aka kwafo su. Daidai da daidai na iya haɗuwa ta dace, amma kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya gado ne. Akuya da kare da yawancin dabbobi masu shayarwa suna haɗa bitamin C a cikin jikinsu. Mutum ba ya iyawa, shi ya sa yake buƙatar lemo da tumatir. Ƙwayar gadon da ke wannan aiki tana nan a jikinsa, amma a lalace, kuma a lalace take a jikin shampanze da sauran birai, da tabo iri ɗaya. Ɓeran Masar shi ma tasa ta lalace, sai dai ta wata fuska dabam, kamar yadda ake tsammani ga wanda ba reshensu ɗaya ba. Haka batun ƙunshin gado da ake kira kuromozom: manyan birai suna da tagwaye 24, mutum 23. In kakansu ɗaya, dole ɗaya daga na mutum ya kasance biyu ne suka manne. A 1991 aka gano mahaɗar a tsakiyar kuromozom na biyu, da alamomin da ke zama a bakin kuromozom kawai, ga su a tsakiya suna fuskantar juna.

Sai a ce, to wa ya taɓa gani da idonsa? Manomin Nijar ya gani. Gero ɗan Sahel ne, daga wata ciyawar daji aka hore shi, kuma tsofaffin burbushinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali sun kai shekara 4500. Ciyawar tana nan, tana barbara da geron gona, abin da ke fitowa shi ne shibra, wadda ke zubar da tsabarta kafin a girbe. Masu bincike na cibiyar IRD tare da takwarorinsu na Nijar sun kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyuka a 1976 da wanda aka tattara a ƙauyukan nan dai a 2003. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna geron baya ya fi saurin yin bununi, zangarniyarsa ta fi gajarta: shekarun fari sun tankaɗe shi, mai saurin nuna ya tsira ya ba da iri. Ma'aikacin asibiti ma ya gani. Iyayen ɗaliban yau da Nivaquine suka yi maganin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar da ba ta jin wannan magani ta bayyana a gabashin Afirka a 1978, ta iso yamma a shekarun 1980, har aka bar shi. Bayan rabon gidajen sauro masu magani a faɗin ƙasa a 2005 da 2006, masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai sun ga ƙwayar gadon da ke sa sauro jure maganin tana ƙaruwa. Amosanin jini kuwa, wanda ake kira sikila, ya yi yawa a inda zazzaɓin ya yi yawa, domin mai ɗauke da rabin gadon yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Likitan da bai yarda da wannan ilimi ba, ba zai fahimci abin da ya sa ake hana mutane yanke shan magani a tsakiya ba.

A nan masu musu kan ja da baya taki ɗaya, su ce ƙananan sauye-sauye an yarda, amma gero bai daina zama gero ba, sauro yana nan sauro. Tambayar da ba su amsawa ita ce, ina katangar da ke tsayar da sauyi? Babu ranar da wata uwa mai jin Latin ta haifi ɗa mai jin Faransanci. Kowane yaro ya fahimci kakarsa, kowace tsara ta ɗauka harshen iyayenta take yi, amma zuwa 842, da aka rubuta rantsuwar Strasbourg, abin da jama'a ke faɗa ya riga ya zama wani harshe. Ƙaramin sauyi in ya sami lokaci shi ne babba. Lokacin kuwa akwai shi fiye da yadda hankali ke iya riƙewa. Yuraniyom irin wanda ake haƙa a Arlit yana narkewa ya koma darma da sauri sananne, rabinsa a cikin shekara kusan miliyan 4500, kuma da irin wannan agogo aka auna cewa shekarun duniya sun kai wajen miliyan 4540. Ilimin da ke auna shekarun dutse shi ne dai ke kunna tashoshin lantarki da ma'adinin Arlit. Da wuya a karɓi rabinsa a ƙi rabi.

Ƙasusuwa kuwa, Nijar ba ta da hujjar cewa ba ta gani ba. A Gadufawa, cikin Tenere, Philippe Taquet da Paul Sereno bayansa sun tono dabbobin da suka rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce: kada mai tsawon da ya haura mita tara, da wani dinozor mai haƙora sama da 500 da aka raɗa wa sunan ƙasar. Wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga kwarangwal ɗin irinsu. A cikin wannan shimfiɗar dutse ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na mutum ba, a Nijar ko a wani wuri, kuma ƙashi ɗaya tak da ya isa ya girgiza ginin gaba ɗaya. A Yulin 2001, a hamadar Jurab ta Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wato fatan rayuwa da harshen Gorane. Shekarunsa sun kai miliyan bakwai, ƙwaƙwalwarsa kamar ta shampanze, fiƙoƙinsa ƙanana, ramin da laka ke shiga kai ya matso gaba kamar na mai tafiya a tsaye. Masana suna gardama har yanzu ko da ƙafa biyu yake tafiya, kamar yadda masana harshe ke gardama kan matsayin harsunan Omo na Habasha a cikin dangin. Gardama kan inda reshe ya tsiro ba musun bishiya ba ce.

Akwai wani labari da ɗaliban harshe suka sani wanda ya dace a ajiye kusa da na ƙasusuwa. A 1879 Ferdinand de Saussure, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya ce tsarin wasulan harsunan Indiya da Turai ba zai daidaita ba sai in kakansu yana da wasu sautuka da suka ɓace daga dukkan ƴaƴansa da aka sani. Ya rasu a 1913 ba a tabbatar ba. Da aka karanta allunan Hitti, Jerzy Kuryłowicz ya nuna a 1927 cewa ga sautin nan a rubuce, a wuraren da Saussure ya ce. A 2004 Neil Shubin da abokan aikinsa suka yi irin wannan. Sun lissafa cewa dabbar da ke tsakanin kifi da masu ƙafa huɗu ya kamata ta kasance a dutsen bakin ruwa mai shekara miliyan 375, suka duba taswira, suka tafi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, suka tono Tiktaalik: kifi mai ɓawo, mai wuya, mai ƙasusuwan wuyan hannu a cikin fiffike. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ai ra'i ne kawai. A bakin titi ra'i na nufin zato; a ilimi yana nufin bayanin da ya tattara hujjoji, ya faɗi abin da za a samu, aka je aka samu. Cewa ƙwayoyin cuta ke kawo kwalara shi ma ra'i ne.

Batun cewa dace kawai ba zai gina ido ba, gaskiya ne, kuma ba a ce ya gina ba. Sauyin da ke aukuwa wajen kwafar gado shi ne ba shi da alƙibla. Wanda zai tsira kuwa yanayi ke tantance shi, kamar yadda manomi bai san wace zangarniya za ta yi kyau ba amma ya san wadda zai ajiye iri.

Akwai wata adawa da ta fi waɗannan nauyi, kuma bai kamata a yi mata gatse ba. Ɗan Afirka yana da dalilin jin zafin kalmar biri. Da ita aka zage shi a zamanin mulkin mallaka, da ita ake zagin ƴan ƙwallonsa a filayen Turai. Darwin ya ƙi bauta ƙwarai, amma littafinsa na 1871 yana ɗauke da tunanin zamaninsa na jera al'ummu sama da ƙasa, wasu kuma suka ɗauki sunansa suka halatta zalunci. Sai dai ilimin harsuna ba shi da bakin gori. A 1912 Carl Meinhof ya sa Hausa da Fulatanci cikin harsunan da ya kira na Ham, bisa tunanin cewa duk harshen Afirka mai bambanta namiji da mace ko mai wuyar nahawu, wasu farare makiyaya ne suka kawo shi. Ba a magance wannan ta hanyar rufe sashen harsuna ba. Joseph Greenberg ya zo ya kwatanta kalmomi da nahawu kawai, ya ajiye launin fata da shanu gefe, ya mayar da Fulatanci kusa da Wolof da Serer, ya sa dukkan harsunan Cadi a dangin Afirka da Asiya, aikin da ya kammala a littafinsa na 1963. Haka ilimin gado ya yi wa wariyar launi: ya nuna cewa dukkan mutanen duniya daga Afirka suka fito, cewa bambancin gado ya fi yawa a cikin Afirka fiye da ko'ina, cewa kuma babu al'ummar da ta fi wata kusa da biri ko da taƙi ɗaya.

Saura abin da ke ƙarƙashin dariyar fada, wato tsoron kada imani ya taɓu. Musulmi ya yi imani cewa saɓanin harsuna yana cikin ayoyin Ubangiji, amma ba a taɓa jin wanda ya kafirta Klingenheben don ya bayyana yadda zamna ta zama zauna ba. Ya yi imani Allah ke saukar da ruwa, yana kuma sauraron hasashen damina na cibiyar AGRHYMET. Ya yi imani Allah ke halittar jariri, matarsa tana zuwa awo. Bayanin yadda abu ke gudana bai taɓa zama musun Mai gudanar da shi ba, kuma masanin da ya ce ƙasusuwan Tumai sun tabbatar babu Mahalicci ya fita daga fagensa, ya shiga wanda ma'auninsa ba ya aiki a ciki. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin haka. A 1888 Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham, a cikin Risalatul Hamidiyya, ya ce hujjojin Darwin ba su gamsar da shi ba a lokacin, amma in suka tabbata ba za su rushe imani ba, tunda ko a take aka yi halitta ko a mataki-mataki, Mai yi ɗaya ne. (Masu cewa al-Jahiz ko Ibn Khaldun sun riga Darwin suna zuzutawa, sun lura da gwagwarmayar dabbobi da jerin darajojin halittu, amma wannan dabam yake da gado tare da sauyi, kuma girmansu bai buƙatar a yi musu ƙari.)

Wurin da igiya ta ɗaure da gaske shi ne halittar Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma ɓoye wannan yaudara ce. Shoaib Ahmed Malik, a littafinsa na 2021, ya jera matsayin Musulmin yau gida huɗu: masu ƙin abin gaba ɗaya, masu karɓarsa ga dukkan halittu ban da ɗan Adam, masu karɓarsa ban da Adamu shi kaɗai, da masu karɓarsa ba togiya. Zaɓi tsakanin waɗannan aikin masu tafsiri da tauhidi ne, kuma ɗakin gwaji ba shi da na'urar auna mu'ujiza. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne a ce mahaɗar kuromozom ba ta nan, ko ƙasusuwan Gadufawa Turawa suka binne su. Yana da kyau kuma a san asalin hujjojin da ke yawo a wayoyi. Wasunsu daga littattafan Harun Yahya na Turkiyya suka fito, wanda ya aika da katafaren kundinsa makarantun Faransa a 2007, shi kuma daga wasu ƙungiyoyin Kiristocin Amurka ya kwaso su. A cikin kundin har da hoton ƙugiyar kamun kifi da aka yi wa siffar ƙwaro, an gabatar da ita a matsayin halitta mai rai.

Kwatancin harshe da halitta yana da iyaka, kuma ɗalibin harshe ne ya fi cancanta ya faɗe ta. Harshe ba a jini yake ba. Ɗan Buzu da ya tashi a Birnin Damagaram Hausar Damagaram zai yi. Harsuna suna aron juna fiye da yadda dabbobi ke yi, ko da yake ƙwayoyin bakteriya su ma suna musayar gado tsakaninsu, kuma ta haka jure magani ke yaɗuwa. Zauna ba ta kori zamna don ta fi ta amfani ba, alhali sauro mai jure magani don amfaninsa ya yawaita. Ra'in Darwin kuma bai bayyana yadda rai ya fara ba. Daga inda rai ya samu yake tashi, kamar yadda kwatanta harsuna bai bayyana ranar da ɗan Adam ya fara magana ba.

Darasin yana gudana da Faransanci a lise, a haddace shi don jarrabawar bak, gardamar kuma tana gudana da Hausa a fada da gida, inda kalmar da ake da ita kaɗai ita ce biri. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, wata rana za a rubuta littafin kimiyyar rayuwa na sakandare da ita, kuma waɗanda ke zaune a azuzuwan harsuna na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su za a kira su zaɓi kalmomin. In suka bar juyi da rikiɗa, yaro zai karanta tatsuniya ya ƙi ta. Ga tsatso, ga zuriya, ga gado, ga barbara, ga zaɓen iri da tankaɗe da rairaya a bakin manoma da matan gida, ga shibra, sunan da Bahaushe ya raɗa wa abin da ke tsakanin ciyawar daji da geron gona tun kafin a haifi Darwin.